Tekun Bayan Gidan Oom Gert

Shekara talatin da ɗaya Velaphi Mkhabela ya yi yana kula da tafkunan iyo a gidajen masu hali na Benoni, amma har yau bai iya iyo ba. Iyakarsa da ruwa gwiwa. In an tsokane shi sai ya ce shi aiki ya kawo shi, ba wanka ba.

A wata gonar lemo aka haife shi, can wajen Nelspruit. Karatunsa aji uku ne. Yana shirin shiga na huɗu ruwan sama ya tafi da gadar da ake bi zuwa makaranta, kafin a gyara ta ya riga ya fara gemu. Da ƙarfinsa ya shiga ramin zinariya a Springs, ya yi shekara tara a ƙarƙashin ƙasa, har ranar da aka rufe ramin aka sallami kowa da bargo ɗaya da godiya mai yawa. Daga nan ya koma yankan ciyawa a gidajen Turawa. Wata rana wani maigida ya miƙa masa doguwar sanda mai raga a kai, ya nuna masa tafki, ya ce ya kwashe ganye. Bai sake ajiye sandar nan ba.

Gidansa yana Daveyton, ɗaki biyu da falo, daga shi sai matarsa MaSibanyoni, don yara sun tashi sun watse. Kullum da sassafe sai ya hau motar haya zuwa Benoni, ya kwance kekensa a gidan man da yake barinsa, ya nufi layin da yake aiki. Gida bakwai yake dubawa, duk a layi ɗaya, kuma duk bakwai ɗin ta bakin mutum ɗaya ya same su: Gert Kotze, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda kowa yake kira Oom Gert, wato kawu, har waɗanda suka girme shi. A layin nan abin da Oom Gert ya ce shi ake yi. In ya yabi mai gyaran rufi, mutumin ya sami aikin shekara. In ya kushe shi, ko karnukan layin ba za su sake ganinsa ba balle su yi masa haushi.

Abin da Baba Mkhabela ya fi kowa da shi harshe ne. Sauran masu sana'ar suna yawo da 'yan kwalabe da takardu masu canja launi. Shi kuwa sai ya durƙusa a bakin tafki, ya tsoma yatsa biyu, ya kai baki, ya lumshe ido kamar mai addu'a, ya tofar. Sannan ya ce, "Asid ya yi yawa," ko kuma, "Jikoki sun zo jiya, ko ba haka ba, Madam?" Kowane tafki da ɗanɗanonsa a wurinsa. Na gidan likita man shafawa ne ya fi yawa a ciki. Na gidan bazawarar nan mai lamba huɗu ba ya ɗanɗanon komai, don ba mai shiga. Na Oom Gert kuwa, ko cikin barci aka ɗiga masa zai gane shi: ruwan rijiyar burtsatse ne mai ɗanɗanon tsatsa, da ɗacin ganyen bishiyar turare da ke inuwa a kansa, sannan can ƙasa-ƙasa akwai Kaptein, ƙaton karen gidan, wanda ya fi maigidan shiga ruwan nesa ba kusa ba.

Litinin da Juma'a yake zuwa gidan. In ya gama, mai aikin gidan, Mme Puleng, wato Inna Puleng, ta kawo masa shayi a kofinsa na kwano da burodi yanka huɗu. 'Yar Qwaqwa ce, shekararta goma sha tara a ɗakin bayan gidan, kuma tun da matar Oom Gert ta rasu ita ce ta san inda komai yake, har tabarau ɗin da ke kan goshin maigidan. Cocinsu ɗaya da MaSibanyoni, masu fararen riguna da shuɗiyar ɗamara. Shi Baba Mkhabela iyakarsa da cocin ƙofa, ranar da za a binne wani.

Bara Oom Gert ya gaji da jigilar garin kulorin, ya sa aka yashe tafkin, aka yi masa sabon fenti, aka cika shi, aka kafa injin gishiri. Abin ba shi da wuyar ganewa in ba a bar mai shago ya yi bayani ba. Ana zuba buhunan gishiri a tafki. Ruwan ya bi ta cikin wata kwalba mai haske da aka haɗa da bututu, a cikinta faranta ne na ƙarfe a jere kamar haƙoran matsefi. Wutar lantarki ta ratsa farantan, gishirin ya zama kulorin, ruwa ya zauna garau. A bangon ɗakin injin kuma akwai akwati mai fitila biyu. Kore, lafiya lau. Ja, gishiri ya yi ƙasa. Abu ɗaya dai Baba Mkhabela ya riƙe tun ranar farko: gishirin ba ya ƙarewa, juyawa yake yi ya dawo. Rana tana shan ruwa, amma ba ta shan gishiri. In gishiri ya ragu, to ruwan ne ya fita da shi.

Wata goma fitila tana kore. Cikin Oktoba ta yi ja.

Baba Mkhabela ba mai gaggawa ba ne. Ya ɗanɗana, ya ji gaskiyar fitila ce, ya zuba buhu biyu, ta koma kore. Bayan sati biyu ta sake yin ja. Da ya so ya ɗora wa ruwan sama laifi, amma shekarar nan damina, wadda a ƙasar take sauka wajen Oktoba, ta yi latti, ciyawar Oom Gert ma da tiyo take rayuwa. Sai ya bi abin daki-daki, yadda ya saba. Ya kashe wuta, ya kwance kwalbar, ya tarar farantan sun yi farin ɓawo irin na cikin butar shayi. Ya haɗa ruwa kashi goma da asid kashi ɗaya, ruwan da farko, ya jiƙa ta tana ta kumfa tana tsaki, har ƙarfen ya fito fes, bai kankare da komai ba. Ya duba wayoyi, ya kori tururuwar da ta yi gida a akwatin. Ya buɗe kwandon injin turo ruwa, ya fitar da ganye da wani kwaɗo da ya riga mu gidan gaskiya. Ya wanke tukunyar yashi mai tace ruwa. Ya gyara agogon injin, wanda ɗauke wuta ta rikita har yana ɗaukar tsakar rana asuba ce. Ya ƙara buhu biyu. Kore. Sati biyu, ja.

To ko tafkin yana yoyo ne? A gefensa akwai ɗan rami mai murfi, a ciki da ƙwallon roba irin na tankin banɗaki. Da ruwa ya sauka ƙwallon ya buɗe bututu, rijiya ta cika gurbin, don haka ido ba ya taɓa ganin ragi. Ranar Juma'a ya ɗaure ƙwallon da waya, ya ja layi da fensir a bakin ruwa. Da ya dawo Litinin, abin da ya ragu bai wuce kaurin yatsa ba, rabon rana ke nan. Babu yoyo. Ya kwance ƙwallon, ya ƙara buhu biyu, ya zauna a kan bokiti yana kallon tafkin kamar za su yi magana.

Kafin Disamba ruwan ya fara yin fari-fari kamar an wanke shinkafa a ciki, gansakuka ta fara leƙowa a kusurwar matakala. Wata Litinin Baba Mkhabela ya iso ya tarar Oom Gert tsaye cikin gajeren wando da doguwar safa, tare da wani mutum mai teɓa da riga mai tambarin shagon kayan tafki. Sunansa Desmond. Ya tsoma wata na'ura mai kama da biro a ruwa, ya karanta, ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa.

"Injinka lafiyarsa ƙalau, Oom," in ji shi. "Gishiri ne babu."

"Buhu shida aka zuba tun Oktoba!"

"Haka aka ce maka." Desmond ya dubi keken da ke jingine da bango. "Ni dai ban taɓa ganin gishiri ya yi fiffike ba. In an ce an zuba, kuma ba ya cikin ruwa, ai mai zubawa za a tambaya."

Baba Mkhabela ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. "Maigida, buhun nan ya kusa nauyin jikana. A kan wannan keken? Da birki ɗaya? In kai gida in yi miyar me da shi?"

"Ban ce komai ba, tsoho," in ji Desmond. "Amma zamanin lasar ruwa ya wuce. Harshe na cin tuwo ne."

"Wasu kam an ga alama," in ji Baba Mkhabela a hankali, yana kallon maɓallin rigar da ke neman tsinkewa.

Oom Gert bai yi dariya ba. Fuskarsa ta yi ja kamar fitilar. "Velaphi, shekara ashirin da shida muna tare, ban taɓa ƙirga cokali a bayanka ba. Amma ranar Asabar jikokina za su zo daga Pretoria. Buhu uku sun rage a ɗakin ajiya, makulli yana hannun Puleng. In Asabar ta yi ruwan nan bai yi garau ba, kuma ba ka gaya mini inda gishirina yake zuwa ba, Desmond zai karɓi tafkin. Kuma in maƙwabta suka tambaye ni dalili, ka san ba na ƙarya."

Ya sani. Gida ɗaya aka ambata, amma bakwai ake nufi, kuma ba da sunan tsufa zai bar layin ba, da sunan ɓarawon gishiri ne. Ranar nan ko shayin ma bai shanye ba. Mme Puleng ta karɓi kofin tana tausaya masa da gaske. Ntate take kiransa, wato baba a yarensu.

"Kada ka damu, Ntate. Hassada ce. Wani ne ya sa maka hannu. Zan sa ka a addu'a ranar Alhamis."

Kwana biyu yana yawo a sauran gidajen kamar wanda aka ba aron jiki. MaSibanyoni ba ta tambaye shi ba sai da ta ga ya bar tuwon masara da ƙafar kaza a kwano, abin da ko ranar da aka rufe ramin zinariya bai yi ba. Ya gaya mata. Ta kwashe kwanon. Laraba da safe, yana ɗaura takalmi, ta jawo jarka daga ƙarƙashin gado ta dire a gabansa.

Ba sai an gaya masa ko mene ne ba. Duk wanda ya taso nesa da gaɓa ya san ba a zuwa Durban a dawo hannu wofi. Ko ɗan'uwanka bai kawo maka tsaraba ba, zai kawo jarkar ruwan teku, da ɗan yashi a ƙasa don shaida. A yayyafa a tsakar gida, a zuba a ruwan wanka, a sha a amayar da baƙin jini.

"Daga coci aka raba mana," ta ce. "Na gaske ne. Sha."

"MaSibanyoni, matsalata ƙarancin gishiri ne a tafki, ba a cikina ba."

"Matsalarka taurin kai ce, Baban Thoko. Shekara arba'in ina ɗauke da kai da addu'a kamar buhun gawayi. Maƙwabciyarmu ta yayyafa wannan ruwan sau biyu, ɗanta ya sami aikin gadi. Buɗe baki."

"Zan makara."

"Ka makara zuwa ina? Aikin da za a kore ka?"

Ganin ta tare ƙofa, ya karɓi kofin don a zauna lafiya. Ya kurɓa. Al'ada ta yi halinta: ido ya lumshe, harshe ya juya ruwan. Sau ɗaya ya taɓa zuwa teku a rayuwarsa, igiyar ruwa ta tafi da takalminsa ƙafa ɗaya, ta cika masa baki, kuma bai manta wannan gishirin mai ƙona maƙogwaro ba. Wannan ko kusa. Wannan ruwa ne mai laushi, gishiri kaɗan, can baya ga tsatsa, ga ɗacin ganyen turare. Ya sake juya shi. Ga kuma Kaptein.

Ya fita tsakar gida ya tofar.

"Haɗiyewa ake yi!" in ji ta.

"Wa ya kawo wannan ruwan cocinku?"

"Dattijo Radebe, da a-kori-kurarsa. Duro-duro. Duk Alhamis."

"Duk Alhamis yake zuwa Durban ya dawo? Da wannan motar da sai an tura ta take fita daga gareji?"

"Aikin Allah ne, ba a tambaya."

"Gishirinsa ya gaza buhu uku," in ji Baba Mkhabela, ya ɗauki hularsa.

Alhamis ba ranarsa ba ce a gidan Oom Gert. Ita ce ranar da maigidan yake fita tun ƙarfe tara zuwa kulob, inda tsofaffi cikin fararen kaya suke mirgina ƙwallo a kan ciyawa suna zagin gwamnati, ba ya dawowa sai la'asar. Ita ce kuma ranar da matan coci suke sa fararen riguna. Baba Mkhabela ya jingine kekensa a lungun bayan gidan, ya zauna a gindin katanga, ya jira. Jira kam ya iya.

Ƙarfe goma a-kori-kura ta shigo lungun da baya tana tari, duro huɗu a bayanta. Ƙofar baya ta buɗe. Mata tara suka sauko, kowace da bokiti, suka yi layi daga bakin tafki har mota, suna miƙa wa juna suna rera waƙa ƙasa-ƙasa. Dattijo Radebe yana saman mota yana juyewa a duro. Mme Puleng tana tsaye a kan matakala, ɗamara ɗaure, tana ba da umarni da sanda kamar mai ba da hannu a titi. Kaptein, wanda aka ajiye don ɓarayi, yana tsakiyar ruwa yana iyo yana murna da baƙi. A ɗan ramin nan kuwa ƙwallon roba ya sauka, rijiya tana ta ɗura ruwa marar gishiri, shuuu, tana rufa wa kowa asiri.

Ya bari sai da duro na uku ya kusa cika, sannan ya shiga.

"Sannunku da aiki, iyaye mata."

Waƙa ta tsaya. Mme Puleng ba ta ko razana ba. "Ntate! Allah ya kawo ka. Zo a wanke ka a nan, tun daga tushe."

"Shi ne mai kula da shi?" in ji wata tsohuwa mai giɓi. "To Baba, muna da ƙara. Ruwan nan ya rage ƙarfi. Da can kofi ɗaya ya isa mutum ya amayar da abin da ya ci tun Ista. Yanzu sai ka sha uku, ko gyatsa babu."

"Tun da ya fara tsoma kwalbar nan a asid ne," in ji Mme Puleng. "Na so in yi magana, na ce ba hurumina ba ne."

Baba Mkhabela ya ce yana son ganinta a ɗakin injin. Ta bi shi, ya ja ƙofa, jar fitila tana kallonsu.

"Mme, wa ya ce miki wannan teku ne?"

"Maigida da bakinsa. Ranar da aka kunna wannan abin ya ce, 'Puleng, mun kawo teku gida, ba sai mun je Durban ba.' Kuma da idona na ga motar tankin da ta cika shi. Lambar Durban gare ta, da hoton kifi a jiki. Na ɗanɗana, gishiri. Me kuma ya rage?"

"Motar ce 'yar Durban. Ruwan daga Boksburg aka ɗebo shi, ni na riƙe tiyon. Gishirin kuma ni nake zubawa, kina kallona ta tagar kicin."

"Na ɗauka abincinsa ne."

"Ba ki ji ya fi na Durban laushi ba?"

"Ai na Turawa ne, tacewa suke yi." Ta dafa gwiwarta. "Kwalba ɗaya na fara ɗiba, don gwiwata. Ta warke, Ntate, kai shaida ne. Na gaya wa mutum ɗaya. Sai jarka. Da aka fara shirin tsarkakewar ƙarshen shekara sai duro. Kuma ruwan bai taɓa raguwa ba! Mu ɗiba mu ɗiba, mu juya mu tarar ya cika. In ba teku ba, wane ruwa ne yake haka?"

Ya fito da ita, ya ɗaga murfin ɗan ramin, ya nuna mata ƙwallon roba. Ya danna shi ƙasa, ruwa ya zubo. Ya ɗaga shi, ya tsaya. Ta daɗe tana kallo.

"Irin na banɗaki," ta ce.

"Ƙaninsa ne."

Suka koma ciki, ta zauna a kan bokiti. Sai a lokacin ta haɗa jar fitilar da duro huɗu da maganar Desmond. Ta sa hannu a ka. "Wayyo ni Puleng. Ashe ni ce hassadar." Can ta ɗago. "In ka gaya masa, yau zan kwana a titi. Mutum goma a gidansa ba ya nan? Ba zai tsaya jin zancen gwiwa ba. Kuma a coci in ce musu me? Akwai wadda ta yi wa jaririnta wankan farko da shi."

Baba Mkhabela ya jingina da bango. Abin da yake nema sati bakwai ga shi a hannunsa, da shaidu tara da direba. Da ya faɗa, sunansa ya wanku tas kafin magariba. Ya dubi kofinsa na kwano da ke rataye a ƙusa, inda take mayar da shi kullum a wanke.

"Makullin ɗakin ajiya yana jikinki?"

"Yana nan."

"To ki fita ki ce musu teku ya gaji. Duk abin da aka ɗiba yau a mayar. Daga yau babu duro huɗu. Sauran ki bar mini."

Mme Puleng ta share ido, ta gyara ɗamara, ta fita kamar wadda aka yi wa wahayi. Ta sanar cewa an ɗebi teku fiye da ƙima, ya galabaita, sai an mayar masa da nasa an kuma ciyar da shi. Dattijo Radebe ya gyaɗa kai, ya ce shi dama ya ga alamar haka a mafarki. Layin bokiti ya juya. Sannan mata uku suka ɗauko buhunan nan uku a ka, abin da yake karya wa Baba Mkhabela baya, suka zazzage su a gefe mai zurfi. Ya raba musu buroshi da tsintsiya, suka yi ta motsa gishirin suna waƙa, suka kankare gansakukar matakala a kan hanya. Bai taɓa samun ma'aikata irin waɗannan ba. Ya juya injin zuwa iyakar ƙarfinsa, ya ce da Mme Puleng kada a kashe shi har Asabar. Ƙwallon roba kuwa ya ɗaure shi da waya, ɗauri na dindindin, don ko kofi aka ɗiba ido ya gani.

Kafin su tafi ya ja Dattijo Radebe gefe. Duk Juma'a in ya wanke tukunyar yashi, ruwa mai yawa yake zubarwa a kwata. Na farko mai dauɗa ne, na ƙarshe garau. Wannan na ƙarshen zai riƙa tara musu duro ɗaya a lungu.

"Amma na yayyafi ne kawai, Dattijo, kada a sha. Kare yana wanka a ciki."

Radebe ya dubi Kaptein, ya dubi Baba Mkhabela. "Baba, a can Durban ɗin me da me ba ya wanka a ciki?"

Juma'a da safe fitila tana kore. Ruwan bai gama washewa ba, amma ana ganin ƙasan tafkin har da tsohon ƙwallon Kaptein da ya ɓata tun Nuwamba. Oom Gert ya tsaya a bakin ruwa, hannu a ƙugu. Mme Puleng tana goge taga ɗaya tun ɗazu, wadda ta fi kusa da su.

"Buhu ukun suna ciki, Maigida. Mme ce ta buɗe, a gabanta aka zuba."

"Da idona," in ji taga.

"To ina gishirina yake zuwa?"

"Ruwa ne yake fita da shi. Ba kullum ba, shi ya sa awona bai kama ba. Rijiya kuma tana cikawa a ɓoye. Na gano wurin jiya, na toshe."

"Ta ina?"

"Ta baya. Wajen ƙofar lungu."

Oom Gert ya yi shekara talatin da biyar a jirgin ƙasa, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa jin ya ce bai san abu ba. Ya dubi wajen ƙofar, ya ƙanƙance ido, ya buga cinya.

"Tsohon bututun nan! Na faɗa! Tun bara na ce wurin nan yana da damshi. Puleng, ban faɗa ba?"

"Ka faɗa, Maigida."

Asabar yara biyar suka faɗa ruwa garau, ana gasa tsiran nama a gefe, Kaptein yana ninkaya a tsakiyarsu. Kafin sati ya zagayo duk kulob an ji yadda Oom Gert ya gano yoyon da na'urar Desmond ta kasa gani, da ɗan taimakon mutuminsa mai harshe. Gidaje biyu daga layin baya suka aiko neman Baba Mkhabela. Ya karɓi ɗaya, ya ce ɗayan ya yi wa keke nisa.

A coci kuwa an ba da shaida cewa teku ya farfaɗo, ƙarfinsa ya dawo har ya fi na da. Tsohuwa mai giɓi ta tabbatar.

MaSibanyoni ta jira sai da ya cinye tuwonsa, ya suɗe kwano.

"To, Baban Thoko. Kurɓa ɗaya. Ɗaya tak, ita ma ba ka haɗiye ba. Wa ya ceci aikinka?"

Ya buɗe baki. Ya bi maganar daga farko har ƙarshe, yadda yake bin bututu, yana neman inda take yoyo. Bai samu ba.

"Ruwan jarkarki ne," ya ce.

Tun daga lokacin duk Litinin da safe sai ta tare ƙofa da kofi, daga sabuwar jarkar da aka raba ranar Lahadi. Ya daina gardama. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ita tana ganin addu'a yake yi. Ya fita ya tofar a gindin masara, ya san abin da zai tarar a gidan Oom Gert tun bai hau mota ba.

"Yaya ka ji?" ta tambaye shi makon jiya.

"Gishiri ya yi daidai," ya ce, yana neman hularsa. "Kaptein ne dai yake son sabulu."